Ikirarin Surukata

Surukata Kirista ce, 'yar Katolika, kuma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini haka kafin a ɗauko ni daga Maraɗi a kawo ni Bangui. Sai da na sauka a gidan mijina a unguwar Kilomita Biyar na ga wata tsohuwa siririya ta fito taryata da carbi a wuya, ƙarshen carbin kuwa gicciye ne yake lilo. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda aka koya mini. Ita ko ta kama kafaɗuna ta miƙar da ni tsaye, ta ce mini Amarya. Da wannan take kirana har ta bar duniya.

Mahaifin maigidana Bahaushe ne ɗan fataucin goro. Ya aure ta tana yarinya, bai tilasta mata barin addininta ba, ita ma ba ta hana ɗanta bin na ubansa ba. Maigidana ya tashi Musulmi, Juma'arsa ba ta wuce shi a Masallacin Koudoukou, sana'arsa kuma kayan gyaran mota, yana sarowa daga Kamaru. Rabin shekara a hanya yake yin ta. Saboda haka auren nawa, in za a faɗi gaskiya, da tsohuwa na yi zamansa.

Zama ne na kurame biyu. Hausarta ta cinikin kasuwa ce, ni kuwa Sangona, wato yaren garin, bai wuce na gaisuwa da tambayar farashin gawayi ba. Tana daka ganyen rogo, wanda suke ce wa ngunza, ni ina tuƙa tuwona. Ba na cin abinci a gabanta don kunya, ita kuma ta daɗe tana zaton ƙyamar girkinta nake yi. Matan unguwa Hausawa suna nan, amma yawancinsu haihuwar garin ne, hira in ta yi daɗi sai su zarce da Sango su bar ni ina yaƙe haƙora. A shekarata ta biyu na haifi ɗa namiji, bakwaini. Ya zo da hantsi, ya koma kafin la'asar, ubansa yana hanya. Maƙwabta suka naɗe shi suka kai shi, ko suna ba a raɗa masa ba. Aka ce mini in yi haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganarsa. Ban sake samun ciki ba. Kaɗaici ya dame ni a gidan nan ƙwarai, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Akwai wata al'adar tsohuwa da ta tsaya mini a rai tun farko. Duk Asabar ɗin farkon wata sai ta yi wanka, ta ɗaura farin zane, ta tafi coci wurin fada yin ikirari. Maigidana ne ya bayyana mini abin: mutum ya durƙusa a wani ɗan ɗakin katako, ya lissafa wa fada zunubansa ta bayan raga, fada ya yi masa nasiha, ya sanar da shi Allah ya gafarta masa, kuma ko za a yanka fadan ba zai faɗa wa kowa abin da ya ji ba. Na ce ikon Allah. Mu da aka ce in Allah ya rufa maka asiri kada ka tona wa kanka, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, su kuma ga su suna kai nasu har gida. Ban da haka ma, tsohuwar da ko kaza ba ta iya yankawa, wane zunubi take tarawa a wata ɗaya da har sai an yi masa wanka da farin zane? Maigidana ya ce in bar masa uwa ta yi addininta.

Daga baya kuwa, kafin ta fita sai ta tsaya a ƙofar ɗakina, ta haɗa hannuwa, ta ce in yafe mata. Ni kuma in amsa da abin da kowace 'yar mutunci za ta ce wa babba: ba ki yi mini komai ba, Mama, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ta ɗan tsaya tana motsa baki, in yi sauri in ƙara da cewa wallahi ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Ina ganin girmama ta nake yi. Ina ni ina barin uwar mijina ta tsaya a gabana tana lissafa laifinta? Haka za ta juya ta tafi, ta dawo da rana ta shige ɗaki.

Ana nan sojoji suka fara bore saboda albashinsu. Bore na farko da na biyu ba su daɗe ba, mun kwanta a ƙasa, mun ji harbi, an wawashe shaguna, an tashi. Na ukun shi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Gari ya rabu biyu, masu bore suka riƙe unguwannin kudu na wajen kogi, sojojin gwamnati suka riƙe sauran, mu muna kusa da tsakiya. Aka kafa shingaye da tayoyi da gangar mai, ana tambayar mutum ƙabilarsa kafin a tambaye shi inda za shi. Maigidana yana can bakin iyaka da kayansa, hanya ta rufe. Saƙo ɗaya ya iso mana ta bakin wani direba, cewa yana lafiya, mu yi ta addu'a.

A cikin wannan hali ciwon tsohuwa ya tashi. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Asibiti ba ya shiguwa. Na samo mata ƙwayoyi wurin wani mai kemis da ke sayarwa ta ƙofar baya, suka ɗan taimaka, suka daina. Ita ba ta damu da magani ba. Abu ɗaya take maimaitawa safe da yamma, a kira mata mompe, wato fada da bakinsu. Ta san tafiya ce ta zo, kuma tana tsoron ta tafi ba ta yi ikirari ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba ko ranar da harsashi ya huda mana kwanon rufi, amma a kan wannan na gan shi.

Na yafa mayafi na fita. Titin Koudoukou da ko da yaushe sai ka ture mutum kafin ka wuce, ranar nan har ƙarar takalmina nake ji. Shaguna a garƙame, 'yan canji sun ɓace, tasi ko ɗaya babu, sai karnuka da wani mai amalanke yana gudu da buhun gari. Ban taɓa taka harabar coci ba a rayuwata. Na tarar da ƙofa a rufe, mutane 'yan gudun hijira sun shimfiɗa tabarmi a gindin bango. Wani dattijo da ke koyar da addini a wurin, katakis suke ce masa, ya saurare ni da Sangona mai ɗingishi. Ya ce Baturen fadan an kwashe shi tare da Turawa, ɗan ƙasar kuma ya je duba mahaifiyarsa a kudu rikici ya rutsa da shi can, in ya ce zai ƙetaro shinge ƙabilarsa kaɗai ta isa a harbe shi. Na ce to shi katakis ɗin ya zo mana. Ya ce zai zo ya yi mata addu'a, amma karɓar ikirari ba huruminsa ba ne. Na ɗauka ƙyuya ce irin ta ma'aikata, na yi tsaki a raina na juyo.

A hanya na gamu da wani mahauci maƙwabcinmu, na koka masa. Ya ce ai ga wani malamin Kirista can a unguwar Kokoro, mutumin kirki, yana sayen nama wurinsa. Ban yi wata-wata ba na nufi Kokoro. Na same shi yana gyaran keke a tsakar gida, na roƙe shi, ya sa kwat ɗinsa ya ɗauki Littafinsa ya biyo ni, muna raɓe-raɓe ta lunguna. Ina tafe ina jin kaina kamar wadda ta ciyo yaƙi. A wurina Kirista Kirista ne, malaminsu kuma malaminsu ne.

Tsohuwa tana ganinsa ta gane fasto ne, na wata ɗarika daban. Ta karɓe shi da mutunci, ta sa na dafa masa shayi. Ya karanta mata Littafi, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya gaya mata cewa ba ta bukatar wani mutum tsakaninta da Allah, ta furta zunubinta gare shi kai tsaye, mai aminci ne, zai gafarta mata saboda Almasihu. Ni da ke bakin ƙofa na ce a raina, to ai abin da nake faɗa ke nan tun shekarun baya. Ta yi masa godiya, ya tafi. Da na dawo daga rakiya sai na tarar ta juya fuska bango. Ta ce da ni, a hankali, haƙori ke mata ciwo na kawo mata tela.

Raina ya ɓaci. Na ce mata na ratsa gari ana harbi, na shiga inda ban taɓa shiga ba, na je har Kokoro, abin da zan samu ke nan? Shi ne karo na farko da na ɗaga wa uwar mijina murya. Na fita na zauna a kan turmi ina huci. Daga baya katakis ya zo shi ma, ya yi mata addu'ar tuba, ya ce Allah yana duban niyyar wanda ya nemi fada bai samu ba. Ta saurara, ta ce amin, amma hankalinta bai kwanta ba.

Bayan 'yan kwanaki, da azahar, lokacin da masu harbin kan tafi cin abinci gari ya yi tsit, ta kira ni. Ta ce in ɗauko kujera 'yar tsugune in zauna a bakin gadonta in ba ta baya. Na zauna. Ta ce in yafe mata. Bakina ya buɗe da kansa zai kawo amsar da ya saba, sai na ji hannunta ya damƙi zanena ta baya.

"Amarya, yau kada ki ce ba komai. Shekara da shekaru kina rufe mini ƙofa da ba komai. Yi shiru in gama."

Na yi shiru. Ta fara, Hausa tana ƙare mata tana cikawa da Sango, ni kuma ban taɓa fahimtar Sango kamar ranar ba. Ta ce ranar da na haihu, ina kwance jini ya ɗebe ni, ungozoma ta fita neman mota, aka bar ta ita kaɗai da jaririn a hannu. Ta ga numfashinsa yana yankewa. A abin da aka koya mata tun tana yarinya, jaririn da zai mutu kowa yana iya yi masa baftisma, kuma ta kasa jure tunanin jikanta na fari ya tafi haka. Ta ɗebi ruwa a kofi ta zuba masa a goshi, ta faɗi kalmomin, ta ba shi suna, don ba a yi sai da suna. Da na farfaɗo aka miƙo mini shi na tambaye ta me ya jiƙa masa kai. Ta rantse mini da Allah gumi ne.

Na tuna. Wallahi na tuna sanyin gashin kan nan a tafin hannuna, da tambayar da na yi.

Ta ce ta kai maganar wurin fada tun a watan. Ya gaya mata ruwan ba shi ne laifinta ba, rantsuwar ƙarya da ta yi wa uwar ɗan ita ce laifi, ya ce ta je ta gaya mini gaskiya. Kowane wata tana yi masa alkawari, kowane wata tana zuwa ƙofata, ni ina sallamarta da ladabi, ita kuma tana jin sauƙin an sallame ta, ta koma ta durƙusa ta ce ta sake kasawa. Wannan ne zunubin da take yi wa wanka da farin zane.

Na miƙe na fita tsakar gida. Na jawo tukwanen da na riga na wanke na hau dirza su da toka. Da fari abin da ya zo mini shi ne ta fitar mini da ɗa daga addini. Wannan bai daɗe ba, don na san jariri ba shi da alhaki, ruwan kofi ba zai canja masa wurin da Allah ya ajiye shi ba. Abin da ya ƙi wucewa shi ne ina kwance a ɗakin, ɗana ne, yini ɗaya tak aka ba ni shi, a cikin yinin ma an yi abu a bayan idona an rantse mini. Na ji haushinta, na ji haushin ɗanta da ba ya nan ranar kuma ba ya nan yau, na ji haushin garin gaba ɗaya. Na yi kukan da aka hana ni yi a wancan lokacin, don ɗan fari ne, uwa ba ta nuna damuwa a kansa.

Sai da aka kira la'asar na koma. Tana nan yadda na bar ta, idonta a ƙofa. Wannan karon na zauna ina fuskantarta, abin da ban taɓa yi ba.

"Kin yi mini, Mama," na ce. "Kin yi mini babba."

Ta lumshe ido ta gyaɗa kai, har wani dogon numfashi ta sauke. Na bar ta ta jira kaɗan, don zuciyata ba ta gama saukowa ba, kuma ban so in yi mata ƙarya a kan gadon mutuwa. Sannan na ce na yafe mata duniya da lahira. Na tambaye ta ko shi ke nan, hankalinta ya kwanta. Ta ce rabi ya sauka. Ɗaya rabin na fada ne, in hanya ta buɗe ba ta nan, in je in gaya masa ta cika alkawari.

Washegari ina shafa mata man zafi a ƙafa na tambaye ta sunan. Ta faɗa mini. Ta ce kullum da shi take rufe addu'arta, ba ta taɓa tsallakewa ba. Ashe duk shekarun da nake ganin ni kaɗai ce na san an yi wani yaro a gidan nan, akwai mai kiran sunansa a ɗakin da ke jikin nawa.

Ta rasu kafin a yi sulhu, da safe, ina riƙe da kofin kunun da ta kasa sha. Katakis ya zo da matan coci suka shirya ta, faston Kokoro ma ya zo, mahaucin nan ya ba da aron amalankensa. Na tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Na koma ciki, gida ya yi mini faɗi, na rasa wanda zan ɓoye wa cin abinci.

Da aka janye shingaye, tun maigidana bai iso ba, na koma cocin. Fada ya dawo, wani ramammen mutum mai tabarau, ya fi ni ƙuruciya. Na ce masa na zo da amanar mamaciya, in ɗakin katakon ne ma ya nuna mini in shiga in sauke. Ya yi murmushi ya ba ni benci a inuwa. Ya ce ikirari ba a aiko shi, kuma abin da ta taɓa gaya masa ba zai iya nuna ko ya san shi ba. Na ce ni ba ruwana da dokokinsu, an ce in ce ta cika alkawari, ga shi na ce. Ya cire tabaransa ya daɗe yana gogewa. Ya ce wanda ya nemi gafara da zuciya ɗaya, rufewar hanya ba ta hana Allah ji. Sannan ya ce zai yi mata addu'a ranar Lahadi, in akwai wani mamaci a gidan da nake so a haɗa, in faɗi sunansa. Na ce akwai, amma ɗan fari ne, mu ba ma faɗa.

Maigidana ya dawo ya yi kukan uwarsa, ya tambaye ni ko ta bar wasiyya. Na ce ta ce a yafe mata. Ya ce ai ba ta yi wa kowa komai ba. Ban gaya masa sauran ba har shi ma ya bi ta, don ban san yadda zai ɗauka ba, kuma ba shi aka ba wa ba. Yanzu na tsufa a garin da ba nawa ba, Sango ya zauna a bakina, waɗanda suka san tsohuwa sun ƙare. Sunan ba na Musulmi ba ne, ba zan iya kai shi wurin malam a yi masa addu'a ba, ba kuma zan kai shi coci ba. Ko da yaron ya rayu, bakina ba zai taɓa kama sunansa a gaban mutane ba. Amma in na idar da sallah na gama roƙa wa iyayena, nakan duba in ga ba kowa, in kira shi sau ɗaya a hankali, don in na yi shiru ba sauran mai kiransa.